Yadda Ake Karanta Tsofaffin Rajistocin Binne Mamata na Ingila Wajen Neman Asalin Dangi

A ƙasar Hausa in kana neman inda aka binne kakan kakanka, wurin tsofaffi za ka nufa. Wata gwaggo ce za ta ce maka yana tsohuwar maƙabarta ta bayan ganuwa, daura da wata kuka, ko kuma a cikin gida aka sa shi kamar yadda ake yi wa wasu malamai da sarakuna. Ba mu saba sa sunan mamaci a littafi ba, kabarin ma in ya sha damina uku ya baje. A Ingila kuwa tun 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowace gundumar coci ta riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, duk auren da aka ɗaura, da duk gawar da aka binne. Da yawa daga cikin littattafan nan suna nan har yau.

Yanzu akwai Hausawan da abin ya shafa kai tsaye. Wani ya auri 'yar can, 'ya'yansa suna tambayar dangin uwarsu. Wani kakansa ya je karatu, ko jinya, ko aikin jirgin ruwa, ajali ya riske shi a Landan ko Liverpool ko Cardiff, dangi ba su san inda aka kwantar da shi ba. Wani kuma ɗalibin tarihi ne mai bin sawun baƙaƙen fatar da suka zauna a Ingila tun zamanin cinikin bayi. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, rajistar binnewa tana gaya maka inda aka sa gawa da abin da doka ta tilasta wa magatakarda ya rubuta a ranar. Ba ta gaya maka abin da mamacin ya yi imani da shi, ba ta kuma yanke masa hukunci. Yawancin kurakuran masu bincike daga nan suke tasowa.

Mataki na farko: tsayar da mutum, wuri da shekara

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta cikakken sunan wanda kake nema, da duk wani laƙabi da aka san shi da shi, garin da aka yi masa ganin ƙarshe, sana'arsa, sunan matarsa ko mijinta, da shekarar da ake zaton ya rasu. In shekarar ba ta tabbata ba, nemi iyaka biyu: shekarar ƙarshe da kake da shaidar yana raye, da shekarar farko da aka kira matarsa gwauruwa ko aka raba gadonsa. Ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara 10, wadda ke ɗauke da sunaye tun daga 1841, tana da amfani sosai a nan. Wanda ya bayyana a ƙidayar 1861 ya ɓace a ta 1871, ka san tsakanin da za ka tona.

In mutumin namu ne, rubuta sunansa ta duk hanyar da kunnen Bature zai iya jin sa. Muhammadu zai iya komawa Mahomet ko Mohamed, Usman ya zama Osman ko Othman, Garba ya zama Garuba. Sau da yawa sunan gari, irin Kano ko Katsina, shi ake ɗauka a matsayin sunan iyali, ko a juya sunan uba ya zo a gaba. Nemi kowanne daban.

Mataki na biyu: shekarar ce za ta nuna maka littafin

Daga 1538 zuwa 1812, abin nema shi ne rajistar cocin gunduma. Littafi ne da limamin coci ko magatakardansa ke rubutawa yadda ya ga dama, wani lokaci baftisma da aure da binnewa duk a cakuɗe. A 1598 aka umarta a kwafe tsofaffin bayanai daga takarda zuwa fata, kuma da yawa daga masu kwafar sun fara ne daga 1558, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta hau mulki, shi ya sa za ka ga littattafai da dama daga nan suka soma. Wannan umarnin ya kuma ce a riƙa aika wa bishop kwafin abin da aka rubuta duk shekara. Kwafin bishop ɗin nan shi ne matsera idan ainihin littafin ya ƙone ko ruwa ya ci shi. Ka kuma sa ran giɓi daga wajen 1642 zuwa 1660, lokacin yaƙin basasa da mulkin da ya biyo bayansa, domin a wurare da yawa rubutun ya tabarbare.

Daga 1 ga Janairu 1813 aka koma bugaggen littafi mai gurabe: suna, mazauni, ranar binnewa, shekarun mamaci, da wanda ya gudanar da addu'a. Mutum 8 a kowane shafi. Wannan ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, don kafin nan sau da yawa suna da kwanan wata kawai za ka tarar.

Ranar 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara rajistar mutuwa da kanta a Ingila da Wales. Sikotland ta fara a 1855, Ireland a 1864, kuma tsarinsu daban ne. Za ka iya duba jerin sunayen kyauta a shafin intanet na FreeBMD, sannan ka sayi takardar shaidar mutuwa daga babban ofishin rajista. Takardar za ta ba ka ranar mutuwa, wurin da aka mutu, musabbabi da wanda ya kai rahoto. Amma ba ta faɗin inda aka binne. Mutane da yawa sun sayi takardar don wannan, suka ga babu.

Daga 1852 zuwa 1857 aka yi jerin dokokin da suka rufe harabobin coci na cikin birane, saboda sun cika har sun zama barazana ga lafiya, aka kafa hukumomin da suka buɗe manyan maƙabartu a bayan gari. Saboda haka wanda ya mutu a babban birni bayan wajen 1855, nemi littafin maƙabarta kafin na coci. A ƙauye kuwa harabar coci ta ci gaba da aiki.

Ainihin littattafan coci yawanci suna ma'adanar tarihi ta kowane lardi, na maƙabartun gari kuma suna hannun ƙananan hukumomi. Hotunansu da jerin sunayensu suna warwatse a FamilySearch, FreeREG, Ancestry, Findmypast da Deceased Online. Shawarata ita ce kada ka tsaya a kan abin da wani ya kwafa ya buga a intanet. Nemi hoton shafin kansa, domin mai kwafa yakan tsallake rubutun gefe, kuma a gefen ne labarin yake.

Mataki na uku: karanta layin kalma bayan kalma

Ranar da ka gani ranar binnewa ce, ba ta mutuwa ba. Su ba sa gaggawar kai mamaci kamar mu, ana iya yin kwana biyu, uku ko fiye. Rubuta ta a matsayin ranar binnewa kawai.

Sai batun kalanda, wanda ya kayar da mutane da yawa. Kafin 1752, sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ranar 25 ga Maris. Wanda aka rubuta an binne shi a Fabrairun 1720, a lissafinmu na yau Fabrairun 1721 ne, shi ya sa masu bincike ke rubuta 1720/21. In ba ka lura ba sai ka ga mutum ya rubuta wasiyya a Yunin 1720 alhali ka binne shi tun Fabrairu, ka ce ai ba shi ba ne. A 1752 ɗin kuma aka tsallake kwana 11, aka kwana 2 ga Satumba aka tashi 14. Haka nan in ka ga "7ber" ba Yuli ake nufi ba, Satumba ce. "8ber" Oktoba, "9ber" Nuwamba, "10ber" ko "Xber" Disamba.

Tsofaffin littattafai da yawa da Latin aka rubuta su, har zuwa wajen 1733. Ba sai ka iya harshen ba, kalmomi kaɗan ne ke ta maimaituwa. "Sepultus" namiji ne da aka binne, "sepulta" mace. "Filius" ɗa, "filia" 'ya, "uxor" matar wane, "vidua" ko "relicta" wadda mijinta ya mutu, "infans" ƙaramin yaro, "eodem die" kuma a wannan ranar dai. Sunaye ma ana juya su: Johannes shi ne John, Gulielmus William, Jacobus kuwa James ne galibi, ko da yake ya fi kama da Yakubu a kunnenmu. Waɗannan ƙananan kalmomin su ke raba maka mutane. In an ce Maria matar John, to John yana raye a ranar. In an ce gwauruwar John, ya riga ta tafiya, sai ka koma baya ka nemo shi.

Za ka riƙa cin karo da "Aff." ko harafin A shi kaɗai a ƙarshen layi, musamman daga 1678 zuwa tsakiyar ƙarni na 18. Dokokin 1666 da 1678 sun wajabta a yi wa kowane mamaci likkafani da ulun Ingila, don a raya kasuwar masaƙan ƙasar. Cikin kwana 8 sai wani ya je ya rantse cewa an yi hakan, in ba haka ba tarar fam 5. Alamar tana nufin an kawo takardar rantsuwar, shi ke nan. Abin da ya fi amfani shi ne inda aka rubuta cewa an binne wani da lilin kuma an biya tara, domin hakan na nuna gidan masu hali ne. An soke dokar a 1814, amma tun kafin nan an daina kula ta.

Harafin P kuma yana nufin matalauci. A nan ma a yi hattara. Daga 1783 zuwa 1794 an sa harajin taro, wato kwabo 3, a kan kowane layi da aka rubuta a rajista, aka yafe wa matalauta. Limamai masu tausayi sukan sa wa mutane P don su tsira daga harajin. In ka ga P ta yi yawa a shafukan waɗannan shekarun, kada ka ce kakanka almajiri ne sai ka duba littafin masu raba tallafin gunduma ka ga ko sunansa na ciki.

Shekarun mamaci kuwa ɗauke su da sassauci. Wanda ya faɗa ƙila maƙwabci ne ko jika, kuma tsoho mai 78 ba wuya a ce 80.

Mataki na huɗu: gane mece ce keɓaɓɓiyar ƙasa

Nan ne zan daɗe, don nan ne aka fi yi wa mamata ƙazafi ba da niyya ba.

A Ingila, abin da suke kira "consecrated ground" ƙasa ce da bishop na Cocin Ingila ya keɓe don binne mamata, ya yi addu'a a kanta, ya kuma sa hannu a takardar keɓewa. Aikin addini ne, amma kuma mataki ne na shari'a: daga ranar filin ya shiga ƙarƙashin kotun coci ta wannan yanki. Har yau in za a tono gawa daga keɓaɓɓiyar ƙasa, izinin kotun coci ake nema. In ƙasar ba keɓaɓɓiya ba ce, lasisin Ma'aikatar Shari'a ake nema. Ma'anar kalmar ke nan a takarda. Ba a cewa sauran ƙasar ƙazantacciya ce.

Harabar cocin gunduma kusan ko da yaushe keɓaɓɓiya ce, kuma duk mazaunin gundumar yana da haƙƙin a binne shi a ciki, ko yana zuwa cocin ko ba ya zuwa. Saboda haka ganin sunan mutum a rajistar Cocin Ingila ba hujja ba ce cewa ɗan cocin ne. 'Yan Katolika, 'yan Methodist da 'yan Baptist ba adadi suna kwance a can, don a ƙauyuka da yawa babu wata maƙabartar. Wani lokaci limami yakan rubuta "papist" ko "recusant" a gefen sunan ɗan Katolika, ko "dissenter" ga wanda ya ɓalle daga cocin gwamnati. Kafin 1880, addu'ar Cocin Ingila kaɗai aka yarda a yi a harabar, ko kuma a binne shiru. Dokar 1880 ta ba dangi damar kawo nasu faston ko su binne ba tare da addu'a ba. Bayan wannan shekarar, in ka ga a gurbin mai addu'a an ambaci dokar 1880 tare da sunan wani wanda ba limamin cocin ba, ka samu babbar alama cewa mamacin ɗan wata ɗariƙa ce. Bi sunan nan, sau da yawa faston cocinsu ne ko wani na jiki.

Littafin addu'o'in Cocin Ingila na 1662 ya hana karanta addu'ar jana'iza ga mutum uku: wanda ya mutu ba a yi masa baftisma ba, wanda coci ta kora, da wanda ya kashe kansa. Lura da kyau, addu'ar aka hana. Jarirai marasa baftisma da yawa an binne su a cikin harabar, galibi a gefen arewa, ɓangaren inuwa da mutane ba sa so, wasu an rubuta su da alamar cewa ba a yi addu'a ba, wasu ba a rubuta su ba sam. In gurbin mai addu'a ya zama fanko a littafin bayan 1813, tambayi kanka cikin ukun nan wanne ne, kuma fara da shekarun mamacin. In ɗan kwana 4 ne, ka samu amsa. In babba ne, ka tuna 'yan Baptist ba sa yi wa yara baftisma, 'yan Quaker kuma ba sa yi ko kaɗan.

Wanda aka tabbatar ya kashe kansa da hankalinsa, a da akan binne shi a mararrabar hanya. Dokar 1823 ta hana wannan, ta ce a sa shi a maƙabarta tsakanin ƙarfe 9 na dare da 12, ba addu'a. Dokar 1882 ta ɗage sharaɗin dare. A rajista za ka iya ganin "felo de se", wato wanda ya kashe kansa da hankalinsa, ko a ce an binne bisa umarnin jami'in binciken mutuwa. Umarnin jami'in shi kaɗai ba ya nufin kashe kai, domin duk mutuwar fuju'a, haɗari ko nutsewa a ruwa ta hannunsa take bi. Kuma masu taya shi yanke hukunci sukan ce mutum ba ya cikin hayyacinsa, a yi masa jana'iza irin ta kowa. Hanyar tabbatarwa ita ce jaridar garin ta wannan makon, don sukan buga zaman binciken dalla-dalla. Kafin ka samu wannan, kada ka rubuta wa dangi cewa kakansu ya kashe kansa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a kan wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba.

A manyan maƙabartun da aka buɗe a ƙarni na 19, filin a rabe yake. Ɓangare ɗaya bishop ya keɓe wa 'yan Cocin Ingila, ɗayan an bar shi ga kowa, kuma sau da yawa kowanne da ɗakin addu'arsa. Maƙabartar Beckett Street a Leeds, wadda aka buɗe a 1845, haka aka raba ta gida biyu. Southern Cemetery ta Manchester, ta 1879, ta ware wa 'yan Cocin Ingila, sauran ɗariƙu, 'yan Katolika da Yahudawa nasu wuraren. Abney Park a Landan kuwa, ta 1840, ba a keɓe ta ba ko kaɗan, da gangan, don masu kafa ta so suke ta zama ta kowa. A littafin za ka ga "Con" ko C ga keɓaɓɓen ɓangare, da "Uncon" ko U, wani wurin "Gen", ga wanda ba a keɓe ba.

Ga abin da ya kamata ka fahimta. Ɓangaren 'yan Katolika, ko da nasu bishop ya yi masa addu'a, a idon dokar Ingila ba keɓaɓɓe ba ne. Haka na Yahudawa, haka na Musulmi. Dattijon da ya yi shekara 50 yana wa'azi a cocin Methodist, a ɓangaren "Uncon" za ka same shi, kuma shi ya zaɓi hakan da alfahari. Wata kuma an sa ta can ne don a nan mijinta na fari ya sayi kabari, ko don nan ne ake da buɗaɗɗen rami a makon. Kalmar alama ce da za ta tura ka ka nemi littafin wata coci, ba hukunci ba ce. Shaida ta biyu ita ce sunan wanda ya yi addu'a. Nemi sunan a jerin fastocin garin na shekarar, za ka san ɗariƙarsa.

Mataki na biyar: nemi littafin kabari, ba na binnewa kaɗai ba

Maƙabartar gari tana da littafi fiye da ɗaya. Na farko yana bin kwanan wata, ya ba ka suna, shekaru, adireshi, ɓangare da lambar kabari. Na biyu yana bin lambar kabarin, ya jera duk wanda ke cikin ramin, don a can ana haƙa kabari da zurfi a sa mutum a kan mutum. Akwai kuma na waɗanda suka sayi kabari, mai ɗauke da sunan mai saye da adireshinsa. In ka rubuta wa ofishin maƙabarta, yi tambaya uku a fili: lambar kabarin, su wane ne a ciki, kuma wa ya saya.

Kabarin da aka saya taska ce. Za ka iya tarar da miji da mata, jaririn da ya zo ya koma tsakanin ƙidaya biyu ba wanda ya san da shi, da wata tsohuwa mai wani suna daban wadda bincike zai nuna surukar gidan ce, ka samu sunan gidan su matar ke nan. Jariran da aka haifa ba rai ma a nan ake samun su, domin gwamnati ba ta fara yi musu rajista ba sai 1927.

Kabarin gama-gari kuwa, wanda suke kira "common" ko "public", mutanen da ba su san juna ba ne a ciki, waɗanda suka mutu a 'yan kwanaki ɗaya. Kada ka ɓata lokaci kana neman dangantaka tsakaninsu. Kuma shiga irin wannan kabarin ba lalle ne hukuma ce ta yi jana'izar ba. Iyalai ma'aikata da yawa sun biya kuɗin akwati da na binnewa da guminsu, filin ne kawai ba su saya ba. A Beckett Street akwai duwatsun da ake kira kaburburan "guinea", sunan wani kuɗinsu na da, inda dangi ke biyan fam 1 da sule 1 a sassaƙa sunan mamacinsu tare da na wasu a dutse guda.

Mataki na shida: in ka duba ba ka gani ba

Fara da faɗaɗa da'ira. Duba gundumomin da ke maƙwabtaka, da garin da aka haifi mutumin, don akan mayar da gawa gida. In a asibiti, gidan gajiyayyu ko gidan masu taɓin hankali ya mutu, wuraren nan sukan sami nasu filin da nasu littafin. Daga 1832 doka ta ba da damar miƙa gawar da ba wanda ya nema ga makarantun likitanci, sai a binne ta bayan makonni a wani wuri daban. Daga 1885 kuma an fara ƙona gawa a Woking, abin da ya yaɗu sosai a ƙarni na 20, kuma littafinsa daban ne.

Sai filayen ɗariƙun da suka ɓalle. Bunhill Fields a Landan ta karɓi mamata daga 1665 zuwa 1854. Littattafan irin waɗannan wurare da yawa suna babbar ma'adanar ƙasa da ke Kew, a rukunin RG 4, na 'yan Quaker kuma a RG 6. Olaudah Equiano, wanda ya yi fice a yaƙi da cinikin bayi, ya rasu a Landan ranar 31 ga Maris 1797, kuma an daɗe ana neman kabarinsa. A ƙarshe a littafin filin Whitefield's Tabernacle da ke Tottenham Court Road aka gano shi, an binne shi ranar 6 ga Afrilu, ba da sunan Equiano ba, da sunansa na Gustavus Vassa, shi ma a gurguje aka rubuta "Gustus Vasa". Darasi biyu a layi ɗaya: nemi ɗayan sunan, kuma nemi ɗayan filin.

Akwai kuma waɗanda aka sa a waje ɗungurungum. A Sunderland Point kusa da Lancaster akwai kabari shi kaɗai a bakin teku, na wani baƙar fata da ya zo a jirgin ruwa ya mutu a wajen 1736, aka binne shi a fili nesa da coci. A 1796 aka sa masa allon tunawa. Sunan da aka san shi da shi Sambo. Duk Bahaushe ko Bafulatanin da ya ji sunan sai gabansa ya faɗi, ni ma haka. Amma Turawan zamanin sun mayar da sunan abin kiran kowane baƙar fata, don haka ba zai zama hujjar asalinsa ba. Kama da wane ba ta wane. Haka za ka riƙa ganin "a black" ko "a negro" a gefen sunaye a rajistocin biranen bakin teku, wani lokaci ma ba suna.

In Musulmi kake nema wanda ya rasu a yankin Landan kafin tsakiyar ƙarni na 20, fara da Brookwood kusa da Woking. An buɗe ta a 1854, har jirgin ƙasa na musamman ake ɗaukar gawa da shi daga kusa da tashar Waterloo, kuma tun shekarun 1880 aka ware wa Musulmi wuri a ciki. A can aka binne Abdullah Quilliam, Baturen Liverpool da ya musulunta, a 1932. A sauran birane, nemi ɓangaren da ba keɓaɓɓe ba na maƙabartar ƙaramar hukuma. In kuwa soja ne da ya mutu a ɗaya daga yaƙoƙin duniya biyu, Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Commonwealth ke riƙe da sunayen, ana duba su kyauta a shafinta.

Mataki na bakwai: zuwa wurin

Kafin ka tashi, samo taswirar ɓangarorin maƙabartar daga ofishinta, ka kuma duba tsofaffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, da ɗakin karatu na ƙasar Sikotland ya sa kyauta a intanet. Sukan nuna ɗakin addu'ar Cocin Ingila da na sauran ɗariƙu, daga nan ka gane wane gefe ne wane. In an kwashe duwatsun an mai da wurin lambu, kamar yadda aka yi wa harabobi da yawa, duba ko an kwafe rubutun da ke kansu kafin a kwashe. Ƙungiyoyin binciken asali na kowane lardi sun yi wannan aikin sosai, wasu bayanan kuma suna Kew a rukunin RG 37.

In ka isa, lambar kabari yawanci tana sassaƙe a ƙasan dutse ta baya ko a gefe. In naka ba shi da dutse, nemo lambobin biyu mafi kusa ka ƙirga da taku. Tsohon rubutu ya fi fitowa da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ke dukan dutsen ta gefe, ko ka haska tocila daga gefe. Kada ka goge shi da burushin ƙarfe ko ka shafa masa alli, dutsen yashi ne da yawa, yana marmashewa. Sunan da ke kan dutse ba lalle mai shi yana ƙasa ba, don akan rubuta ɗan da ya mutu a teku ko a yaƙi a dutsen iyayensa, sai ka gwada da littafin kabari.

Dubi kuma yadda kaburburan suka kwanta. Na Kirista a tsofaffin harabobi daga yamma zuwa gabas suke, ƙafa na gabas. Alƙibla daga Ingila kudu maso gabas take, saboda haka kaburburan Musulmi sukan karkace daga layin sauran, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, don mamaci ya kwanta a kan damansa yana fuskantar Makka. A babbar maƙabarta tun daga nesa za ka hango sahun da ya saɓa wa sauran. Ɗauki hoton kabarin da na maƙwabtansa biyu, ka rubuta sunan maƙabartar, ɓangaren, lambar da ranar da ka je, ka aika wa dangi a gida tare da hoton shafin rajistar.